Tagogin Goggo Biyu

Na Allah ne mu duka, kuma gare shi za a koma. Goggo, yayar mahaifina, ta koma ranar Talata da hantsi a ɗakinta da ke Kazaure, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Da muka dawo aka baza tabarmi a ƙofar gida, Baba ya zauna a tsakiya yana karɓar gaisuwa, ni kuma ina gefensa.

Jama'a sun zo, ba laifi. Wasu daga Roni, wasu daga Gwiwa a kan mashin, dangin mijin 'yarta kuma suka ciko mota daga Babura. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya jiƙanta, mai haƙuri ce." Haka dai ake cewa a kan kowane mamaci. Amma duk wanda ya zauna da Goggo na yini ɗaya ya san ba ta da haƙuri ko kaɗan, kuma da tana ji da ta leƙo ta ce a daina yi mata ƙarya. Wata Madam 'yar kudancin Kaduna, wadda suka yi aiki tare, ta tsaya a bakin soro tana kuka har mata suka fito suka shige da ita. Ita kaɗai ce ba ta ce komai ba.

Duk wannan na jure. Abin da ya gagare ni jurewa shi ne zuwan tsohon Oganmu, wanda ya shugabanci sashenmu a ofishin da ni da Goggo muka yi aiki. Ba zan kama sunan ofishin ba, ba zan kama nasa ba. Ya zo da babbar riga, ya yi addu'a mai tsawo, ya gyara zama, sannan ya ce:

"Allah ya jiƙan Hajiya. A tafireta babu kamarta a ƙasar nan. Kwamfuta ce kawai ta zo ta gagare ta. Kun tuna shekarar irin gero? Ta tura mutanen Roni Babura, ta tura na Babura Gwiwa. Tsufa ke nan, babu yadda za a yi."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta zaman makoki. Wani dattijo ya ce, "Ayya, ai abin nan ba na tsofaffi ba ne." Labarin nan ƙarya ne. Goggo ba ta tura kowa ko'ina ba. Ni na yi wannan aika-aika da hannuna, ita ta ɗauka, ta kuma hana ni faɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ga shi ba a yi awa uku da rufe ta ba, abin da ake tuna ta da shi a ƙofar gidanta shi ne kuskuren da ba nata ba.

Bari in faɗi yadda take aiki, don wanda bai gani ba ya sani.

Tun ban san kaina ba Goggo take buga takardu. A zamanin tafireta tana da wani ɗan katako da take jingina takardar da aka rubuta da hannu a hagunta, tafireta a damanta, rula a kan layin da take kai. Da aka kawo kwamfuta ofis ta haura hamsin. Aka ce tsofaffin ma'aikata su matsa, ta ce babu inda za ta matsa. Ta riƙa zuwa koyo ranar Asabar a wani shago kusa da kasuwa, tana zama cikin 'yan matan da ta girme wa iyayensu. Cikin 'yan watanni ta fi mai koya mata saurin bugu.

Sai dai ba ta bar tsarinta ba, cikin kwamfutar ta shigar da shi. Takardun da dagatai da malaman gona ke aikowa, ana ɗaukar hotonsu a zuba a kwamfuta. Goggo za ta buɗe hoton a taga ɗaya a fuskar kwamfuta, ta kama saman tagar da maus, ɗan linzamin nan na hannu, ta ja ta hagu. Ta buɗe jadawalin da za ta cike a wata tagar, ta ja ta dama. Sannan ta kai kibiya bakin taga, ta jira har kibiyar ta zama mai kai biyu, ta ja a hankali. Ta rage nan, ta ƙara can. Daga ƙarshe ta kama gindin kowace taga ta ɗaga, har sai suna goma cif ke bayyana a hagu, layi goma cif a dama, kowane suna yana kallon layinsa. In ta gama goma sai ta ƙirga da baki, ta sauko da duka biyun, ta kama goma na gaba.

Ni ne ta samo wa aiki a ofishin, ina da shekara ashirin da takwas da takardar difloma, ina ji da kaina. Ranar da na fara ganin wannan jan tagogi sai da na yi hamma. Na ce, "Goggo, ai in kika ja taga kika kai ta bango, da kanta za ta kama rabin fuska. Ba sai kin wahala ba."

Ta ce, "Na sani, Babana." Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Rabi da rabi na wanda bai taɓa karanta rubutun dagaci ba ne. Rubutun dagaci fili yake so. Ka ba shi kashi biyu, ka ba jadawali ɗaya."

Akwai wani ɗan maɓalli a saman taga ta dama, na tsakiya, wanda in ka danna taga za ta cika fuskar kwamfuta gaba ɗaya ta rufe duk abin da ke bayanta. Goggo ta tsani wannan maɓalli. Maɓallin masu gaggawa take ce masa. Rular nan tata ta zamanin tafireta tana nan a kan teburinta, kuma na rantse sau biyu ta sauke mini ita a bayan hannu, ina magidanci, a gaban mutane. "Kada ka buga abin da idonka ba ya kai," haka take cewa. "Kai ba ka san mutumin ba, sunansa kawai aka ba ka amana." In wani ya aro kwamfutarta ya motsa mata taga, ranar ofis ba ya zaunuwa. Ta taɓa bin wani jami'i har bakin masallaci tana tambayarsa wa ya aike shi.

Madam ɗin nan da ta yi kuka a soro, idonta ya fara rauni a lokacin, tana ɓoyewa don kada a ce ta bar tebur. Goggo ta gane daga yadda take kai fuska kusa da gilashin kwamfuta. Sai ta riƙa riga kowa zuwa, ta kunna kwamfutar Madam, ta faɗaɗa mata taga, ta ƙara girman rubutu, ta daidaita mata layi biyar-biyar maimakon goma, ta koma kujerarta. In Madam ta buɗe baki za ta yi godiya, sai Goggo ta ce, "Ke dai yi aikinki, surutu ya yi yawa." Haka suka yi har Madam ta samu aka yi mata aikin ido a Kano.

To, shekarar irin gero.

An yi rajistar manoman da za a ba irin shuka. A ranakun kasuwa aka yi ta, don haka sunaye a cakuɗe suke: wannan na Roni, na ƙasansa na Babura, na gaba na Gwiwa. Gaban kowane suna an rubuta inda zai je ya karɓi nasa. Goggo ta fara bugawa ranar Juma'a da safe. Wajen sha ɗaya aka kira ta a waya, 'yarta tana naƙuda a Babura, abin ya zo da gardama. Ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce, "Babana, ga tagogi nan na daidaita maka. Goma-goma. Kada ka taɓa su."

Na ce, "To, Goggo."

Ko tasha ba ta kai ba na danna maɓallin. Ina son in gama kafin masallaci, kuma ina son a ga ni ma na iya. Jadawali ya cika fuska, na ji daɗi. Sai in leƙa hoton, in haddace sunaye shida ko bakwai, in koma in zuba. Na gama sunaye kaf, na dawo kan wuraren karɓa, nan ma haka. A wani wuri can sama na tsallake guda ɗaya. Daga nan har ƙasa kowane manomi ya ɗauki wurin karɓar wanda ke ƙarƙashinsa. Ban gani ba, don babu abin da zan gani da shi, takardar tana ɓoye a bayan taga. Na fitar, Oga ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, aka kai aka manna.

Ruwan shuka ya sauka ranar Lahadi. Litinin aka fara rabo. Mutum zai bar gonarsa da danshi, ya hau mashin ya tafi inda takarda ta ce, a duba a ce ba shi a nan. Wani tsoho daga wajen Roni ya zo ofis a kan keke, rigarsa sharkaf da gumi, ya tsaya a tsakar ofis yana cewa, "Ku gaya mini, ni me na yi muku? Ƙasa tana bushewa!" Ina zaune ina kallonsa, ban ɗaga kai sosai ba. Sai da aka kwashe mako ana gyara, wasu kuma shukarsu ta makara.

Talata Goggo ta dawo, ta tarar da ofis a hargitse. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta zauna, ta kunna kwamfuta, ta buɗe jadawalin. Ni wawa, a cike na rufe shi ranar Juma'a, don haka a cike ya buɗe, fal, daga bango zuwa bango. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo ta dube ni. Ta mayar da tagar ƙarama, ta jawo hoton gefenta, ta daidaita goma da goma, cikin minti biyu ta ɗora yatsa a kan layin da na tsallake. Ta miƙe ta shiga wurin Oga ta rufe ƙofa.

Washegari takardar tuhuma ta fito da sunanta. Aka ɗauke ta daga kwamfuta aka kai ta ɗakin tsofaffin fayiloli, inda babu ko fanka. Can ta yi shekara biyun da suka rage mata, tana kaɗe ƙura, har ta yi ritaya.

Ranar da takardar ta fito na bi ta gida bayan la'asar. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

Na ce, "Goggo, gobe zan je in faɗa."

"Ka faɗi me?"

"In ce ni ne."

Ta ajiye faranti. "Watanka nawa da fara aiki?"

"Bakwai."

"An tabbatar maka da shi?"

"A'a."

"Cikin matarka wata nawa?"

Ba ta jira amsata ba.

"To ka je ka faɗa, su sallame ka, ka dawo ka zauna a kan ƙanina. Ni na san hannunka da gaggawa, na kuma bar maka aikin. Wa ya fi laifi?"

Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce, "Ana cewa kin tsufa! Ana cewa ba kya gani!"

Ita ma ta ɗaga tata. "Su ce! A kaina aka fara? Kai, Babana, dube ni. In ka buɗe bakinka a kan maganar nan, ko ga ubanka ne, ban yafe maka ba. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi ina huci. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, kafin in kai bakin titi na ji wani sanyi a raina, na ji daɗi da ta hana ni. Wannan jin daɗin shi ne abin da na fi tsana a rayuwata. Aka tabbatar mini da aiki, aka yi mini ƙarin girma sau biyu, na yi gida. Duk shekara in damina ta faɗi sai wani a ofis ya tuno da labarin Hajiya da irin gero, a yi dariya, ni kuma in duƙar da kai kamar ina neman wani abu a aljihun tebur. Ina jin haushinsu. Ina jin haushin kaina fiye da nasu. Kuma Allah ya gafarta mini, ina jin haushin Goggo, don ta ɗaure mini baki ta bar ni da abin da ba ya haɗiyuwa. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. In na je gaishe ta, iyakarta ta ce, "Goma-goma dai kake yi ko?" In ce e. Ta ce, "To madalla."

Ranar sadakar uku Oga ya dawo. An gama addu'a, ana raba waina, wasu baƙi daga Kano suka tambayi wane aiki marigayiya ta yi. Ya gyara hula. Ina ganin ya gyara hula na san abin da ke tafe.

"Ai Hajiya a tafireta babu kamarta. Kwamfuta ce kawai..."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dakata."

A gidanmu yaro ba ya katse babba, balle a kan tabarmar makoki. Baba ya juyo ya dube ni. Na san abin da Goggo ta ce, kalma da kalma, kuma na san yanzu babu inda zan same ta in roƙe ta ta janye. Duk da haka na ce:

"Ba ita ba ce. Ranar tana Babura wurin haihuwar 'yarta. Ta daidaita mini tagogi ta ce kada in taɓa, na taɓa. Ni na tsallake layin. Ni na tura mutane inda ba nasu ba. Goggo ba ta taɓa tsallake layi ba, a tafireta ko a kwamfuta."

Na zaci zai yi mamaki. Wallahi ko gezau bai yi ba. Ya ɗauki waina ya gutsura, ya ce:

"Ai mun sani, ɗana. Wa ya zauna ofishin nan bai san aikin Hajiya ba? Ita ta zo ta ce a sa sunanta. Mu kuma dama ana ta matsa mana a ba masu jini a jika kujerun kwamfuta. Sai abin ya zo daidai."

Na ce, "Kun sani? To shekara goma sha ɗaya kuna ba da labarin nan a kan me?"

Ya ce, "To ai haka yake a fayil."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai da wani kawuna ya riƙe mini riga ya ce, "Kai, zauna, gidan rasuwa ne." Oga ya karkaɗe babbar rigarsa, ya yi sallama a gaggauce, ya tafi. Baƙin Kano suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Tabarma ta rage daga ni sai Baba.

Baba ya ci gaba da jan carbi bai dube ni ba. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take.

"Ranar da aka ba ta takardar nan, nan gidan na zo. Na ce mata, Yaya, ki haƙura, zamani ya wuce mu, ki bar wa yara irin ɗanki, su suka san abin. A gabanta na zauna ina yabonka. Ka san me ta ce mini?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ta ce, gaskiya ne."

Ya sa bakin rawaninsa ya goge ido. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ita na san halinta, faɗa ne a baki, tuni ta yafe maka. Ni ne ban yafe ba tukuna." Ya tashi ya shiga gida. Yau kwana tara, in na gaishe shi yana amsawa, amma bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Shi ya sa na rubuta wannan. Duk wanda ya san ofishin ya san wadda nake nufi, kuma ya san ni. In damina ta faɗi, bakinku ya yi muku ƙaiƙayi kuna son ba da labarin irin gero, ku bayar, ban hana ku ba. Amma ku sa sunana a ciki, ku cire nata.

Allah ya yalwata mata kabarinta, ya haskaka shi, ya karɓi aikinta. Goggo, na saɓa miki, na faɗa. In da abin da za ki ce, ki bari sai mun haɗu.